Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Jihar Kaduna Da Masarautar Zazzau Kan Ganuwa Da Kasuwar Birnin Zariya

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
da Mai Martaba Sarkin Zazzau da 'yan majalisarsa,
da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa,
da Shugaban Ƙaramar Hukumar Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Gwamna lafiya da basira, ya taya kowannenku riƙon amanar da ke wuyansa.

Ni malamin sakandare ne a nan cikin garin Kaduna, shekarata goma sha bakwai da alli a hannu. A Tudun Wadar Kaduna aka haife ni, amma cibiyar mahaifina a cikin birnin Zariya aka binne ta, can kuma muke zuwa Sallah tun muna ƙanana. Ina rubuta wannan takarda da yawun wasu abokan aikina da iyayen yara, mu da muka ɗora wa kanmu kwasar ɗalibai sau ɗaya ko sau biyu a shekara mu kai su birnin Zazzau su zaga shi a ƙafa. Ina kuma magana da yawun mutanen da muke tararwa a hanya, magina da maɗinka da 'yan kasuwa da dattawan bakin ƙofa. Fiye da mutum ɗaya a cikinsu ya ce da ni, "Malam, tunda kai alƙalami ke hannunka, ka isar mana." To, ga shi ina isarwa. In harshena ya yi kaushi a wani wuri, a gafarce ni, zafin abin ne.

Bari in fara da dalilin da ya sa muke wannan wahala. Kaduna ba ta da ganuwa. Garin Turawa ne, a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, kuma yaranmu sun tashi a garin shataletale da bariki da layin dogo. In ka ce za ka nuna musu tsohon abu, sai dai ka kai su lambun Gamji su ga gadar ƙarfen Gwamna Lugga. Amma tafiyar kilomita 80 kacal daga tashar Kawo, ga birnin da ya riga Bature zuwa da ɗaruruwan shekaru. A mota ba a ganin birnin nan, sai dai a gifta shi. Sai ka sauka a Ƙofar Doka ka taka, ka bi ta Babban Dodo har Fada, ka kutsa lunguna ka ɓulla kasuwa, sannan za ka gane me ya sa lungu ke lanƙwasa, me ya sa zaure ke kallon hanya cikin gida kuma yana ɓoye, me ya sa unguwanni ke amsa sunan rimi kamar Rimin Doko da Rimin Tsiwa. A bakin ƙofofin nan nake gaya wa yara cewa lokacin da Malam Musa ya shigo da tutar Shehu a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Makau ya fice ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Wato sunan babban birnin ƙasar nan ma daga cikin ganuwar nan ya fita. Duk shekara in na faɗi haka sai na ga idanu sun buɗe. A aji na faɗa sau ba adadi, ko gezau.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, ita kanta ganuwar ce.

A zuwanmu na ƙarshe na tsayar da yara a kan wani tudun jar ƙasa, na fara ba su labarin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda har yau ake kiran katangun garuruwa da dama da sunanta. Na ce musu kewayen ganuwar Zazzau ya kai tsakanin kilomita 14 zuwa 16, tana rufe da gidaje da gonaki da kududdufai har da dutsen Madarkaci, don ko an yi wa gari zobe mutane su samu abin ci da na sha. Ina cikin bayani wata yarinya 'yar aji biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to yaushe za mu je wajen ganuwar?" A kanta take tsaye. Leda ta lulluɓe gefe ɗaya, ɗaya gefen bayan wani gidan bulo ne da ya ci rabin tudun, ƙasa kuma ga rami inda aka ɗebi ƙasa, sawun kura ko bushewa bai yi ba. Dole na janye yaran gefe saboda wari, don wurin ya zama makewayin unguwa. Ban ga laifin yarinyar ba. Ni ma da ban san wurin tun ina yaro ba, juji zan kira shi.

Ranka ya daɗe, ganuwa ƙasa ce, kuma ƙasa ba ta zama sai da hannu a kanta. Kakanninmu sun san haka. In damina ta ɗauke sai a yi shelar gayya, kowace unguwa da ƙauyukan kewaye su fito su gyara nasu ɓangaren, a toshe inda ruwa ya zaizaye, a yashe gwalalo. Da Turawa suka karɓi gari a 1902 yaƙi ya ƙare, sai gayyar ta mutu, aka bar katanga da ruwan sama. Ruwan sama kuwa a hankali yake ci, ya shekara sama da ɗari yana yi bai gama ba. Abin da ke gamawa da ita yanzu hannun mutum ne: mai haƙar ƙasa ya yi tubali, mai yanka fili ya sayar, mai ginin da ya ga katangar banza ya jingina ɗakinsa, mai kwashe shara da ya rasa wurin zubarwa. Abin takaici, wannan ganuwa tana cikin jerin kayan tarihin ƙasa, ita da dutsen Kufena, kuma tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar da ke kula da irinsu, ta kuma hana taɓa su. Doka tana cikin littafi, shebur yana cikin ganuwa.

Na taɓa gwada kai ƙara. Na ga wasu samari suna loda ƙasar ganuwa a kura da rana tsaka, na ɗauki hoto da wayata, na nufi wani ofis. Suka karɓe ni da mutunci, suka ce ba huruminsu ba ne, in je wani. Can aka ce maganar ta masu unguwa ce. Mai unguwar da na samu, dattijo mai kirki, ya buɗe hannuwa ya ce shi ba shi da ɗan sanda ba shi da takarda. Na dawo Kaduna da hotona a aljihu. Ba na zargin kowa a cikinsu, abin da na fahimta shi ne ganuwar ta zama marainiya mai iyaye da yawa.

Na biyu, ƙofofi. Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima, Ƙofar Jatau, Ƙofar Tukur-Tukur: yaro ya haddace waɗannan ya haddace taswirar tsohuwar ƙasar Zazzau, don kowace tana nuna inda hanya ta nufa ko mutanen da suka zauna kusa da ita. Yau baƙo zai wuce ta cikinsu bai ga ko layi ɗaya da ke gaya masa inda yake ba. Abin da zai karanta a jikinsu fastocin 'yan takara ne, wani kan wani, har da na waɗanda suka faɗi zaɓe tun shekaru takwas da suka wuce, sai tallar maganin basir.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Duk wanda ya karanci gine-ginen ƙasar Hausa ya san Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaga ginshiƙai da bakan gizo da tulluwa waɗanda masana daga ƙasashen duniya suka yi ta zuwa aunawa suna zanawa. Darajarsa ta kai har aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A watan Agusta na 2023, ranar Juma'a, ana cikin sallar La'asar, wani sashe nasa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama, ya sa shahada ce. Ba na kawo wannan don in fama ciwo ba. Na kawo shi ne don abin da ya faru ranar yana faruwa a ƙananan soraye cikin lunguna duk damina, sai dai ba ya shiga labarai. Zaure ya tsage bana, baɗi indararo ya karye ruwa ya shiga cikin rufi, shekara ta uku azara ta ruɓe, sai a wayi gari an rushe an kafa bulo da kwano. Zanen da ke fuskar zauren, da zankwayen da ke samansa, sun tafi ke nan.

Ban zargi masu gidajen ba. Akwai wani tsohon magini da muke biya wa duk zuwa, yana zaune kan buzu a ƙofar gidansa, hannuwansa duk sun yi kanta. Shi ya koya wa ɗalibaina abin da ban sani ba. Ya ɗauko tubali ɗaya, mai siffar ƙwai, ya nuna musu yadda ake jera shi a tsaye kan kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka bari ta kwana da ciyawa a ciki. Ya ce azara daga giginya ake tsaga ta don gara ba ta cin ta. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa ake jiƙa ta a shafe bango, ruwa ya riƙa zamewa. Sai ya zo kan laso, wanda ake dalaye rufi da shi: katsi daga gindin karofi, gashi daga majema, da dafara daga daji. Ya dubi yaran ya ce, da Zazzagancinsa da ba ruwansa da mace ko namiji, "Kun gani, in marina ya mutu, magini ma ya mutu. Ina zan samo katsi?" Ɗansa acaɓa yake yi. Jikansa yana koyon ɗaura tayil. Ya ce rabon da a kira shi ɗaurin guga, wato rufin soro da bakan gizo, har ya manta.

Maganar tsohon nan ta buɗe mini ido. Ashe birnin sarƙa ce: marini yana ciyar da magini, majemi yana ciyar da baduku da magini gaba ɗaya, maƙeri yana yi wa kowa kayan aiki, kasuwa kuma ita ce inda duk suke haɗuwa. Ba za a ceci katanga a bar masu sana'a su ƙare ba. Ranar da tsofaffin nan suka kwanta dama, ko an ware biliyoyi babu wanda zai iya ɗaga bakan gizo da ƙasa, sai dai a kira ɗan kwangila ya zuba kankare ya shafa jan fenti a ce an gyara.

Na huɗu, kasuwa da halin da mai tafiya a ƙafa yake ciki. Kasuwar birni ita ce inda yara suka fi so, ni ma haka. Layin 'yan koli, rumfunan dukawa da warin fata, tsofaffi mata da daddawa da kuka da kanwa a faifai, masu fura suna kiran ciniki, mai tsire yana gyara wuta. A zaurukan da ke kewaye za ka tarar da samari da dattawa sun baje babbar riga a cinya suna ɗinkin hannu, aska biyu ko aska takwas, allura na shiga tana fita kamar ba a kallo. Riga ɗaya kan ci watanni. Zazzau ta yi suna a wannan sana'a, manya da yawa da ake gani a talabijin aikin lungunan nan ne a jikinsu, amma mai ɗinkin ladansa bai taka kara ya karya ba, dillali ke kwashe romon. Da baƙi na shigowa har zauren su saya hannu da hannu, da labari ya canza.

To amma ta ina baƙon zai bi? Babu gefen da aka ware wa mai ƙafa. Babura da Keke Napep suna kutsawa har tsakiyar rumfuna. Kwatoci sun cushe da leda, in an yi ruwa sai ka naɗe wando. A bara wani ɗan acaɓa ya goge ɗaya daga cikin yarana a gwiwa, Allah ya taƙaita, ƙujewa ce kawai, amma na sha tambayoyi a wajen uwarsa, kuma da gaskiyarta. Iyaye uku suka janye 'ya'yansu daga tafiyar da ta biyo baya. Ga rashin bayan gida: ka zo da 'yan mata ashirin ka rasa inda za su kewaya, sai mun roƙi wata baiwar Allah ta buɗe mana gidanta. Ta yi mana karamci irin na mutanen birni, har da ruwan randa, amma bai kamata a ce da roƙo ake karɓar baƙi a gari irin wannan ba.

Ina roƙon kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake a kawo katafila ba. Mu a Kaduna mun ga yadda aka rushe Kasuwar Barci a 2020 aka sake gina ta da benaye. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, kuma Kaduna sabon gari ne, tana iya ɗauka. Birnin Zariya ba zai ɗauka ba. In aka miƙe lungunansa aka jera shaguna masu ƙofar ƙarfe iri ɗaya, an kashe abin da ake zuwa gani, kuma tsohuwa mai daddawa ba za ta iya kuɗin shago ba.

Na san abin da wasu za su ce: ana fama da tsaro da tsadar abinci da asibiti babu magani, wa ke ta tsohuwar katanga? Ni ma albashi nake jira, na san zafin. Amma yawancin abin da muke nema ba kuɗi ne mai yawa ba, tsayawa ce. Kuma kwata da bayan gida da hanyar ƙafa, mutanen birni za su fara amfana kafin kowane baƙo.

Ga abin da muke roƙo.

Mai Girma Gwamna, a sa a bi ganuwar kaf a auna abin da ya rage, a kafa alamun iyaka da kowa zai gani, a kuma dakatar da ba da izinin gini ko takardar fili a kanta da cikin gwalalonta. Ba sai an ɗauko masana daga waje ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa da sashen zanen gine-gine, ɗalibansu kullum neman aikin fili suke. A fito fili a faɗi ofis guda da alhakin ganuwar ke wuyansa, da lambar da mutum zai kira in ya ga ana haƙa, don kada wani ya sake yawon da na yi. Waɗanda suka riga suka yi gini shekara da shekaru a zauna da su cikin mutunci, mu dai a tsayar da ɓarnar daga inda ta kai.

Allah ya ba Sarki nasara, abin da ke hannun Fada babu gwamnatin da ke da shi. In Sarki ya yi magana ɗaya, hakimai da masu unguwanni za su tashi. Muna roƙon a dawo da gayyar ganuwa ko da rana ɗaya ce a shekara, bayan an gama girbi. A zaɓi yanki guda inda katangar ke da sauran tsayi, kusa da ɗaya daga cikin ƙofofi, a miƙa shi ga Sarkin Magina da mutanensa su tayar da shi yadda yake tun asali, da tubali da makuba, ba siminti ko cokali ɗaya. A haɗa kowane tsoho da samari biyar ko goma ana biyan su, aikin ya zama makaranta. Jama'ar da ke cika birni ranar Hawan Sallah da Hawan Daushe su ga wurin da idonsu. Ni da ɗalibaina za mu zo da kwandunanmu.

A kuma duba masu tsofaffin zauruka. Wanda ya yarda ya bar nasa a tsaye, a tallafa masa da azara da ladan magini duk bayan 'yan shekaru. Ya fi arha nesa ba kusa ba a kan gina kwafinsa a wani gari bayan ya faɗi.

Ga hukumar gidajen tarihi: a kafa allon bayani a kowace ƙofa da bakin Fada da kasuwa, da Hausar boko da ajami da Turanci. Ajamin ba ado ba ne, a birnin malamai irin su Unguwar Juma da Kona akwai dubban mutanen da shi suka fi karantawa. A horar da samarin unguwanni su zama 'yan rakiya masu shaida a wuya, su ci abinci da tarihin gidajensu. Ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007 tana jiran tantancewa don shiga jerin wuraren tarihi na duniya, kuma har yau wurare biyu kacal ƙasar nan ke da su a cikakken jerin, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo. Zazzau ba ta gaza kowa tarihi ba, amma ba a kai juji gaban duniya.

Shugaban ƙaramar hukuma, naka shi ne mafi sauƙi kuma mafi gaggawa: a yashe kwatocin kasuwa kafin ruwan farko, a ajiye wurin zuba shara nesa da ganuwa a riƙa kwashewa, a gina bayan gida na maza da na mata a kasuwa da Ƙofar Doka, a tsayar da babura a bakin kasuwa a ranakun da ta fi cika. 'Yan acaɓa ma 'ya'yanmu ne, a ba su tasha mai kyau, ba kora ba. Masu liƙa fasta a jikin ƙofa kuma a ci tarar wanda hotonsa ke jiki, shi ya fi sauƙin samu.

Muna fatan jin amsa, ko a rediyo ne. Mu dai in Allah ya kai mu, Asabar ta farko bayan an gama jarrabawar zango mai zuwa za mu taso daga Kawo da sassafe, ƙarfe takwas muna Ƙofar Doka da yara wajen talatin. Muna gayyatar duk wanda wannan takarda ta shafa, ko wakilinsa, ya ajiye mota da jiniya a waje ya biyo mu a ƙafa har kasuwa. Awa uku ce. A zo da takalmin da ba a jin tausayinsa, don akwai inda za a tsallaka kwata.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Wani malamin makaranta,
a madadin abokan aikinsa da iyayen yara,
Tudun Wada, Kaduna.